Gwajin jini na ƙarambau da zosta: abin da yake nunawa da waɗanda ya fi yi wa amfani

Ƙarambau na cikin cututtukan da Bahaushe ya daɗe da sani, har ana ɗaukarsa tamkar baƙon da kowane yaro zai sauke sau ɗaya a rayuwa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, sai ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi, bayan mako ɗaya zuwa kwana goma su bushe su yi ɓawo, yaro ya koma wasansa. Haka abin yake ga mafi yawan yara masu ƙoshin lafiya. Amma ga mai juna biyu, da jariri sabon haihuwa, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, cutar na iya taɓa huhu ko ƙwaƙwalwa, ta kai ga kwanciya asibiti, wani lokacin ma ga rasa rai. A bayanin da ta fitar a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara cutar na jefa mutum miliyan 4.2 cikin matsananciyar jinya, tana kuma kashe kimanin 4,200.

Saboda waɗannan masu rauni ne gwajin jini na ƙarambau yake da daraja. Tambayar da yake amsawa da kyau guda ɗaya ce: shin jikin nan ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar har ya samu kariya? Tambayar da mutane suka fi zuwa da ita asibiti kuwa, wato ƙurajen nan da suka fito na mene ne, idon likita da gwajin ruwan ƙurji sun fi jini iya amsa ta. Sanin wannan bambanci yana hana ɓarnar kuɗi, yana kuma hana ɓata kwanakin da magani ke da tasiri a cikinsu.

Ƙwaya ɗaya, ciwo biyu

Ƙwayar bairos ɗin da ke kawo ƙarambau sunanta barisela-zosta, daga dangin hafis. Tana bin iska idan mai cutar ya yi tari ko numfashi, tana kuma bin ruwan ƙurajen. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa ranar da ƙuraje za su fito akan yi kwana 10 zuwa 21, galibi 14 zuwa 16. Mai cutar yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin a ga ƙurji ko ɗaya a jikinsa, kuma yana ci gaba har sai dukkan ƙurajen sun yi ɓawo. A gidan da ta shiga, takan kama har mutum tara cikin goma na waɗanda ba su da kariya.

Warkewar ƙurajen ba ta nufin ƙwayar ta bar jiki. Takan bi jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga fata, ta je ta laɓe a ƙulle-ƙullen jijiya da ke gefen laka da gindin ƙwaƙwalwa, ta yi lamo tsawon shekaru. Idan tsufa ya kama, ko wata jinya ta raunana jiki, sai ta farka ta biyo jijiya guda zuwa fata. A nan ne ake ganin ciwo na biyu, wanda likitoci ke kira zosta: zafi kamar ƙuna ko sukar allura, sannan jerin ƙuraje masu ruwa a gefe ɗaya na jiki, sau da yawa a haƙarƙari ko kugu ko goshi, ba tare da sun tsallaka zuwa ɗaya gefen ba. A wurare da dama na ƙasar Hausa ana ce wa irin waɗannan ƙuraje fitsarin gizo-gizo, sai dai sunan kan haɗa har da wasu ƙurajen da ba su da alaƙa da wannan ƙwaya.

An ɗauki lokaci kafin a gane wannan dangantaka. A 1767 likitan Ingila William Heberden ya bambanta ƙarambau da agana, waɗanda a da ake cakuɗa su. A 1888 likitan yara János Bókay na birnin Budafes ya lura cewa yara kan kamu da ƙarambau bayan sun zauna da babba mai zosta. Thomas Weller na Amurka ya raini ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje a shekarun 1950, ya nuna cewa ita ce dai a ciwon biyu. A 1965 wani likitan karkara a Ingila, Edgar Hope-Simpson, ya bayyana cewa zosta farkawar tsohuwar ƙwayar ce da ta kwanta tun ƙuruciya.

Abin da ake nema a cikin jinin

Al'ummar Duza da maƙwabtanta ba baƙi ba ne ga gwajin jini. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sanadiyyar gubar dalma da ke cikin duwatsun zinaren da ake niƙawa a gidaje. Duza da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da 'Yar Galma, daga baya kuma Bagega, duk abin ya shafe su, kuma aƙalla yara 400 suka rasu. An shafe shekaru ana ɗibar jinin yara ana auna yawan dalmar da ke ciki. A wancan gwaji gubar kanta ake aunawa, kuma hawan lamba alama ce ta haɗari. Yaron da ya kai maikurogiram 45 a kowane desilita na jini ana fara ba shi maganin fitar da gubar.

Gwajin ƙarambau ya sha bamban da wannan, kuma iyayen da suka saba da wancan suna bukatar a fayyace musu. Abin da ake nema a nan shi ne martanin da jiki ya mayar wa ƙwayar. Duk lokacin da wata cuta ta shiga, garkuwar jiki kan ƙera wasu sinadarai da suka dace da ita kaɗai, kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗonsa. Sunansu antibodi. Samun antibodin ƙarambau a jinin mutumin da ke lafiya ƙalau labari ne mai daɗi, domin yana nuna jikin ya san abokin gabarsa kuma ya yi masa tanadi.

Iri biyu ake dubawa. Na farko shi ne IgM, wanda ke bayyana cikin 'yan kwanaki bayan fitowar ƙuraje, ya yi makonni ko 'yan watanni, sannan ya ɓace. Na biyu shi ne IgG, wanda ke biyo baya da kaɗan, ya ƙaru cikin makonni, ya kuma zauna a jini yawanci har ƙarshen rayuwa. Mafarauci kan bambanta ɗanyen sawu da tsoho: IgM ɗanyen sawu ne, IgG kuwa tsohon sawun da ya bushe a laka, wanda ke shaida cewa dabbar ta taɓa wucewa amma ba ya faɗin ranar.

Yadda ake yin gwajin

Ana ɗibar jini kaɗan, 'yan mililita, daga jijiyar hannu. Ba a bukatar mutum ya ƙi cin abinci kafin a ɗiba. A ɗakin gwaje-gwaje ana barin jinin ya daskare, a juya shi a na'ura domin a ware ruwansa mai launin ɗorawa, wanda a cikinsa ne antibodi suke. Hanyar da aka fi bi ita ce ELISA: ana zuba ruwan jinin a kan wani faranti mai ƙananan ramuka da aka shafe da sassan ƙwayar cutar. Idan akwai antibodin da ya dace, zai manne, kuma sinadarin da ake ƙarawa daga baya zai sauya launi. Na'ura ce ke auna ƙarfin launin ta mayar da shi lamba.

Aikin yana bukatar lantarki, da firji, da kayan gwaji masu wa'adin lalacewa, da ƙwararren ma'aikaci. Saboda haka ya fi samuwa a manyan asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu na birane. Ruwan jinin da aka ware yana jure kwanaki idan aka ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka ana iya aika shi cikin akwatin sanyi ba tare da majinyacin ya yi tafiyar ba.

Yadda ake karanta sakamako

Takardar sakamako kan nuna ɗayan uku ga kowane irin antibodi: an samu, ba a samu ba, ko tsaka-tsaki.

Idan an samu IgG kuma babu IgM, mutumin ya taɓa yin ƙarambau ko an yi masa allurarsa, kuma ana ɗaukarsa mai kariya. Sake kamuwa karo na biyu yana faruwa, amma da wuya ƙwarai.

Idan babu IgG kuma babu IgM, ana ɗaukarsa marar kariya. Idan ya cuɗanya da mai cutar a kwanakin nan, yana iya kasancewa ƙwayar ta riga ta shiga amma jiki bai fara mayar da martani ba tukuna.

Idan an samu IgM, alama ce ta kamuwa ta kwana-kwanan nan, amma ba a dogara da ita ita kaɗai. IgM kan ƙi bayyana idan aka ɗibi jinin da wuri, yakan sake bayyana lokacin da zosta ta tashi, kuma wasu cututtukan kan sa a gan shi bisa kuskure. Rashinsa ba ya kore ƙarambau, samunsa kuma ba ya bambanta sabon kamu da farkawar tsohuwar ƙwaya.

Idan sakamako ya zo tsaka-tsaki, akan maimaita bayan mako biyu ko uku. Ga mai juna biyu ko mai raunin garkuwa da ya riga ya cuɗanya da mai cutar, likita ba ya jiran maimaicin, yana ɗaukarsa marar kariya har sai an tabbatar da akasin haka.

Akwai kuma hanyar ɗibar jini sau biyu, na farko a kwanakin farko na ciwo, na biyu bayan makonni biyu ko fiye. Idan IgG ya ninka sau huɗu tsakaninsu, an tabbatar da kamuwa ta kwanan nan. Wannan hanya tana da amfani ga bincike da rajistar cututtuka, amma amsarta kan iso bayan majinyaci ya warke ko ciwon ya yi abin da zai yi.

Abubuwa huɗu kan ruɗa sakamako. Wanda aka yi wa ƙarin jini a watannin baya yana iya nuna antibodin wanda ya ba shi jinin. Jariri yana ɗauke da IgG na mahaifiyarsa tsawon watannin farko na rayuwa, wanda ke raguwa a hankali. Mai raunin garkuwa sosai yana iya kasa ƙera antibodi ko da ya kamu. Sannan wanda aka yi wa allurar rigakafi yakan ƙera antibodi kaɗan, ƙasa da abin da yawancin kayan gwajin kasuwa ke iya gani, don haka shaidar cewa an yi masa allura biyu ta fi sakamakon gwajin ƙarfi.

Waɗanda ya kamata a yi wa

Yaro mai lafiya da ya fito da ƙurajen ƙarambau a lokacin da 'yan uwansa ko abokan karatunsa ke yi ba ya bukatar gwajin jini. Kamannin ƙurajen da labarin gidan sun isa. Gwajin ya fi amfani ga rukunoni kamar haka: mata masu juna biyu ko masu shirin ɗaukar ciki da ba su da tabbacin sun taɓa yi, masu ciwon daji da za a fara wa magani mai ƙarfi, waɗanda za a yi wa dashen ƙoda ko ɓargo, masu shan magungunan danne garkuwar jiki na dogon lokaci, masu ɗauke da HIV, da ma'aikatan lafiya, musamman na ɗakin haihuwa da na yara, domin marar kariya a cikinsu yana iya ɗaukar cutar ya kai wa mafi rauni a cikin majinyata.

Akwai dalilin da ya sa tambayar ta fi nauyi a ƙasashe irin namu. A ƙasashe masu sanyi, kafin zuwan allura, fiye da kashi 90 cikin 100 na mutane sun riga sun yi ƙarambau kafin su balaga. A ƙasashe masu zafi cutar kan yi jinkiri, musamman a karkara inda gidaje ke warwatse, sai a samu manya da yawa da ba su taɓa yi ba. Kuma ƙarambau a jikin babba ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Lokacin da rashin tsaro ya tilasta wa mutanen ƙauyuka tattaruwa a garuruwa irin su Anka, suna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, an haɗa wanda bai taɓa yi ba da yaron da ke yaɗawa. Haka ma makarantun kwana da na allo da barikoki.

Tunawa ma ba ta da tabbas. A bakin jama'a sunayen ƙarambau da ƙyanda da baƙon dauro kan shiga juna, kuma uwa na iya tuna cewa 'yarta ta yi ƙuraje tana ƙarama ba tare da sanin wace iri ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya ma sun lura cewa labarin baki bai cika zama hujja ba ga wanda ya tashi a ƙasa mai zafi, shi ya sa suke ba da shawarar a gwada jininsa. A ɗaya ɓangaren, da yawa daga manyan da ke cewa ba su taɓa yi ba, idan aka gwada sai a tarar suna da IgG, domin sun yi mai sauƙi wanda ba a lura da shi ba.

Mai juna biyu: inda kwanaki ke da tsada

A babban gida mai sassa da yawa, ƙarambau kan fara da yaro ɗaya ya zagaye sauran cikin makonni. Idan akwai mai ciki a gidan, matakin farko shi ne a tambaye ta ko ta taɓa yi. Idan babu tabbas, ta je asibiti a ranar ko washegari, ta faɗa wa ma'aikacin awon ciki ranar da ƙurajen yaron suka fito. Zama a gida ɗaya, ko hira fuska da fuska, ko zama a ɗaki ɗaya na kimanin minti 15, duk ana lissafa su a matsayin cuɗanya. Gwajin da ake bukata a nan IgG ne. Idan an same shi, hankali ya kwanta, ita da cikinta suna cikin kariya.

Idan ba a same shi ba, haɗarin kashi uku ne. Na farko a kanta: ƙarambau kan sauka a huhun mai ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, kuma alamarsa tari da haki da ciwon ƙirji bayan fitowar ƙuraje. Na biyu a kan ɗan tayi: idan ta kamu a makonni 20 na farko, akwai yiwuwar a haifi jariri da tabo a fata, ko tawayar gaɓa, ko matsalar ido da ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya yawa: kimanin kashi 0.4 cikin 100 a makonni 12 na farko, da kimanin kashi 2 cikin 100 tsakanin mako na 13 da na 20. Na uku a kan jariri: idan ƙurajen uwa suka fito tsakanin kwana 5 kafin haihuwa da kwana 2 bayanta, jaririn ya karɓi ƙwayar amma bai samu antibodin uwar ba, domin jikinta bai kai ga ƙera su ba. Irin wannan jariri yana bukatar kulawar asibiti ko da bai nuna wata alama ba.

Akwai abin yi idan aka zo da wuri. Ana yin allurar antibodin da aka tace daga jinin masu kariya cikin kwana 10 da cuɗanya, sai dai tana da tsada kuma ba ta cika samuwa ba. Akwai kuma maganin asaikulobir, wanda aka sani a kasuwa da suna Zovirax da wasu sunayen. A tsarin Birtaniya ana ba mai ciki marar kariya shi daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan cuɗanya. Idan ƙuraje sun riga sun fito, maganin ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 24. Likita ne ke yanke wannan hukunci, ba mai kemis ba. Zosta kuwa, idan ta fito wa mai ciki, yawanci ba ta cutar da ɗan tayi, domin uwar tana da tsohuwar kariya.

Dalilin da ya sa jini bai cika taimakawa a zosta ba

Duk mai zosta ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ƙarambau, don haka kusan kowannensu yana da IgG tun kafin ciwon ya tashi. Samun sa a jini bai ƙara wa likita komai ba. Abin da ke danne ƙwayar a maɓoyarta wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira T, kuma su ne ke raguwa da tsufa. Gwajin antibodi ba ya auna su. Saboda haka babu gwajin jinin da zai faɗa wa mutum ko zosta za ta fito masa.

A Amurka an ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin uku zai yi zosta a rayuwarsa, kuma haɗarin na ƙaruwa bayan shekara 50. Kashi 10 zuwa 18 cikin 100 na masu ita kan ci gaba da jin zafi a wurin watanni ko shekaru bayan ƙurajen sun warke. Maganin asaikulobir da 'yan uwansa sun fi amfani idan aka fara su cikin awa 72 da fitowar ƙuraje, don haka jiran sakamakon gwaji asara ce. Idan ƙurajen suka fito a goshi ko kan hanci ko kusa da ido, a nemi likitan ido ba tare da jinkiri ba, domin ciwon na iya makantarwa. Idan suka fito a kunne, suna iya karkatar da fuska ko rage ji.

Gwajin jinin da ya fi dacewa da matashi ko magidancin da zosta ta fito masa shi ne na HIV, tare da auna sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya zosta cikin alamomin mataki na biyu na cutar HIV. Wannan ba hujja ba ce ta zargin kowa, domin masu lafiya ma suna yin ta, amma dalili ne na gwaji, kuma gano HIV da wuri yana ba da damar fara maganin da ke mayar da ƙarfin jiki. Mai zosta ba ya harba wa kowa zosta. Ruwan ƙurajensa dai yana iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau, don haka ya rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle, ya kuma nisanci masu ciki da jarirai har su bushe.

Kama da wane ba ta wane

Idan ƙurajen ba su yi kama da yadda aka saba ba, gwajin da ya fi inganci shi ne PCR. Ana goge gindin ƙurji da auduga ko a ɗauki ɓawonsa, a nemi ƙwayar halittar bairos ɗin kai-tsaye. Yana ba da amsa tun ranar farko ta ƙuraje, lokacin da jini bai nuna komai ba.

Wannan ya ƙara muhimmanci tun watan Satumba na 2017, lokacin da ƙyandar biri ta sake ɓulla a Jihar Bayelsa bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta a Najeriya ba. Cututtukan biyu suna kama, kuma a Najeriya da Kwango an sha gwada samfurin da ake zargin ƙyandar biri ne a tarar ƙarambau ne, wani lokacin ma a tarar da duka biyun a jikin mutum ɗaya. Ƙurajen ƙarambau sun fi yawa a ƙirji da baya da fuska, ba su da zurfi, kuma akan ga sababbi da masu ruwa da busassu a lokaci guda. Na ƙyandar biri sun fi tauri da zurfi da zafi, suna girma tare, sukan fito a tafin hannu da na ƙafa ko a al'aura, kuma sukan zo da kaluluwa. Ƙyanda kuwa ba ta yin ƙuraje masu ruwa. Takan fara da tari da majina da jan ido, kuma a wajenta gwajin IgM na jini shi ne babbar hanyar tabbatarwa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda aikinsa ne ɗaukar samfurin abin da ake zargi ya aika ta hannun jiha zuwa ɗakunan gwajin Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Najeriya, NCDC, wadda babban ɗakin gwajinta yake Gaduwa a Abuja.

Idan gwajin ya yi nisa

Ga mazaunin Duza ko ƙauyukan Gummi da Bukkuyum, hanya ta farko ita ce asibitin da ya fi kusa, daga nan babban asibitin ƙaramar hukuma. Idan lamarin ya fi ƙarfinsu, sukan tura majinyaci zuwa Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Nisa da kuɗin mota da halin hanya kan sa sakamako ya makara. Ƙa'idar likitoci a nan ita ce, mai rauni da ya cuɗanya kuma ba a san matsayinsa ba, a ɗauke shi marar kariya a yi masa abin da ya dace.

A gida kuma, a ware mai ƙuraje daga masu ciki da jarirai da majinyata. A yanke wa yaro farce, a riƙa yi masa wanka da sabulu, domin susa da datti ne ke shigar da wasu ƙwayoyin cuta cikin ƙurajen su zama gyambo; hana wanka ba ya warkarwa. Kada a fasa ƙuraje ko a shafa musu toka ko ƙasa. A ba shi ruwa da abinci sosai, da farasitamol idan akwai zazzaɓi. Kada a ba yaro asfirin, domin yana iya jawo mummunar cutar hanta da ƙwaƙwalwa da ake kira Reye. A kuma guji ibufurofen, wanda aka danganta da munanan cututtukan fata a lokacin ƙarambau. A garzaya asibiti idan aka ga haki, ko jijjiga, ko yawan barci, ko tangaɗi wajen tafiya, ko sanƙarewar wuya, ko fata ta kumbura ta yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya dawo bayan ya sauka. Yaro mai tamowa a kai shi tun farko.

Allurar rigakafi

Michiaki Takahashi na Jami'ar Osaka a Japan ne ya samar da allurar ƙarambau a 1974, Amurka kuma ta amince da ita a 1995. Ana yin ta sau biyu. Ba ta cikin jerin alluran da gwamnatin Najeriya ke yi wa yara kyauta, don haka mai bukata yakan neme ta ne a asibitoci masu zaman kansu. A nan gwajin IgG yana da amfani ga babba: idan yana da kariya, ya huta da kashe kuɗi. Tana iya hana ciwon ko rage shi idan aka yi wa mai lafiya cikin kwana 3 zuwa 5 da cuɗanya. Da yake ƙwayar da ke cikinta mai rai ce da aka raunana, ba a yi wa mai ciki ko mai raunin garkuwa sosai, kuma macen da aka yi wa ta dakata da ɗaukar ciki na aƙalla wata ɗaya. Ta zosta daban take: Shingrix, wadda aka amince da ita a Amurka a 2017, ana yi wa 'yan shekara 50 zuwa sama, kuma ba a bukatar gwajin jini kafin a yi ta.

Lokacin da ya fi dacewa da gwajin IgG shi ne kafin cutar ta shigo gida: kafin aure ko ɗaukar ciki, kafin fara maganin ciwon daji, kafin kama aiki a ɗakin haihuwa. Wanda aka samu da shi, ya adana takardar tare da katin asibitinsa, domin ba zai sake bukatar gwajin ba sai wata jinya ta raunana garkuwarsa. Wadda ba a samu da shi ba, ta nemi allura kafin ciki ko bayan haihuwa, ta kuma sanar da mai yi mata awo tun ranar farko, domin idan ƙuraje suka ɓulla a gidansu a san daga wace rana za a fara ƙirga.